Tinden Kaka

A gidanmu akwai wani abin ado da ake ɗaura wa amare a goshi. Ba wani babban abu ba ne. Zare ne mai ƙwari, an jera masa ƙananan azurfa masu faɗi kamar 'ya'yan kabewa, da tsofaffin aninai masu huda, sai wani jan dutse guda ɗaya da yake sauka daidai tsakanin gira da gira. Ta ƙeya ake ɗaure shi, a kawo ɗankwali a rufe zaren, azurfar kaɗai ke leƙowa. Idan amarya ta sunkuyar da kai sai a ji ƙararsa ƙasa-ƙasa. Tinde muke ce masa.

Na Kaka ne, mahaifiyar Inna. A cikin wata kwalla mai murfi take ajiye shi, naɗe cikin tsohon ƙyalle, kuma ko yaushe aka buɗe sai ƙamshin man shanu da turaren wuta ya tashi. Ƙauyenmu yana can yankin Randagi, inda mota ba ta shiga da damina sai babur. A ƙauyen kaf babu wani irinsa, saboda haka duk gidan da za a yi biki sai an turo aron tinden Kaka. Kowa tinde yake ce masa, manya da yara. Ni dai na taso ina jin kalmar kamar yadda nake jin tsintsiya ko ludayi, ban taɓa tunanin tana da wani asali ba. Da Kaka ta rasu ya koma hannun Inna. Ni ma shi aka ɗaura mini ranar da aka kai ni Kaduna, inda nake zaune har yau ina koyarwa a makarantar firamare.

Bara ne babbar 'yata ta tashi aure. Tun da aka sa rana ta ce ita fa da tinde za ta fita ranar kamu, domin ta sha ganinsa a hoton bikina. Ta tura wa ƙawayenta hoton a waya, su kuma suka dame ta da tambaya. Rannan ina tsinke zogale a tsakar gida ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Mama, wai mene ne ma'anar tinde? Kowa na ce wa sai ya ce bai taɓa ji ba."

Na ce sunan abin ne kawai. Ta ce ai kowane suna da inda ya samo. Abin ya tsaya mini a rai. Na tambayi abokan aikina, da Bakanuwa da Bakatsiniya da 'yan Zariya, babu wadda ta san kalmar. Sai na kira Inna.

Inna ba ta ƙauye a lokacin. Tun da mutanen daji suka matsa wa yankinmu, suka kashe Kawu, ƙanenta, a gonarsa yana cikin girbin dawa, gidanmu duka suka tattaro suka dawo cikin Birnin Gwari, suka kama haya a Magajin Gari. Kwallar tinde tana cikin 'yan kayan da Inna ta iya fitowa da su a bayan babur.

Na yi mata tambayar.

"Ai za ki zo ɗaukarsa," in ji ta. "Idan kin zo sai ki je ki tambayi Goggonki. Ita za ta sani."

"Wace Goggo?"

"Goggonki ta ruga mana. Kina da wata ne?"

Na daɗe ban ji an ambace ta ba.

Goggo Bafillatana ce. Rugarsu tana bayan ƙauyenmu, tsallaken rafi, a bakin daji. Mahaifiyarta da Kaka ƙawaye ne tun suna 'yan mata, har zumuncin ya gangaro kan 'ya'yansu. Kullum da hantsi Goggo takan shigo gidanmu da ƙwaryar nono a ka, ta sauke a gindin bishiyar darbejiya, ta zauna ta huta kafin ta zaga gari. Inna ta auna mata gero, ita ta zuba mana nono, babu mai cewa nawa ne. Idan ta haihu Inna ce ke zuwa ta yi mata kunun kanwa. Tana da ɗa namiji sa'ana. A kwano ɗaya muka ci tuwo da shi, shi ya koya mini bambanta kanya nunanniya da wadda za ta ɗaure baki. Har na yi aure idan na je gida yakan zo gaishe ni da gorar zuma.

Da fitina ta fara, shanunsu aka fara korawa tun kafin a taɓa kowa a ƙauyen. Wannan kowa ya sani. Amma bayan rasuwar Kawu sai mutane suka daina tuna hakan. Duk mai ƙwarya a ka ya zama abin zargi. A gidanmu ban taɓa jin wani ya zagi Goggo ba, sunanta ne kawai ya fita daga bakin kowa. Ni kuma ina Kaduna, ina kiran waya ina tambayar lafiyar kowa, har da akuyar Inna, ban taɓa cewa ina Goggo ta nufa ba.

Na shiga motar haya ranar wata Asabar da safe. Wanda ya san hanyar nan ya san yadda hira ke mutuwa a mota da zarar an shiga daji, kowa ya koma jan carbi, direba ya kashe rediyo. Muka isa lafiya. Na tarar Inna ta rame, amma tana nan da faɗanta. Ta ɗauko kwallar ta miƙo mini tun ban gama shan ruwa ba.

Washegari da hantsi ta kwatanta mini inda Goggo take zaune yanzu, a nan gefen garin. Ta ce in bi ta bayan filin ƙwallo har inda gidaje suka ƙare, zan ga wani kango da aka rufa rabinsa da buhuna. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da baƙar leda ta ɗanƙa mini. Na leƙa, na ga sukari da sabulu da ƙullin goro.

"Ki kai mata," ta ce, ba ta kalle ni ba.

Na ɗauka tsaraba ce irin ta wanda aka daɗe ba a gani ba. Na saɓa gyale na fita, ina ta shirya tambayoyina a zuci, har ina tunanin in ɗauki muryarta a waya saboda 'yata ta ji da kunnenta.

Kangon ba shi da ƙofa, zane aka rataya. Na yi sallama. Wata matashiyar mace da goyo ta leƙo, ta dube ni a tsorace, ta koma. Can sai na ji muryar da na sani tana cewa a shigo.

Goggo tana zaune kan tabarma tana dama madarar gari a roba. Da ita take yin nonon sayarwa yanzu, tunda babu saniya ko ɗaya. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi fari-fari. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallona. Sai ta saki muciyar, ta tafa hannu, ta kira ni da sunan da ita kaɗai take kirana da shi tun ina yarinya.

Na durƙusa. Ta kamo kaina ta haɗa da ƙirjinta, ta fashe da kuka.

"Na faɗa miki," take ce wa matashiyar nan. "Ban faɗa miki ba? Na ce gidan nan ba za su ƙi zuwa ba. Ko an daɗe za su zo. Ga shi tun daga Kaduna ta taso don ta yi mini gaisuwa."

Gaisuwar wa? Na dubi matashiyar, na ga ta kau da kai tana share ido da bakin mayafi. Na dubi ledar da ke hannuna, sukari da sabulu da goro, sai a lokacin na gane irin kayan da Inna ta ba ni. Na dubi ɗakin. A kusurwa an jingine wata sanda da malfa, babu takalmin namiji a bakin ƙofa.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Goggo, ya haƙuri?" ba.

"Da godiya, 'yata. Da godiya."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta."

Na faɗi haka ina fatan kada in yi kuskuren wanda ya rasu. Ban yi ba. Shi ne, ɗanta, sa'ana. Matashiyar matarsa ce. Ita ta ba ni labarin a hankali, da Hausarta mai karyewa, tana ɗauka na riga na ji, tana cike mini gurbi ne kawai. Tun kafin azumi abin ya faru. Ya tafi kasuwar ƙauye da 'yan kaji a bayan keke, bai dawo ba. Aka tsince shi a gefen hanya. Wasu suka ce mutanen daji ne, don sun neme shi ya bi su ya ƙi. Wasu suka ce mutanen gari ne, don sun gan shi Bafillace. Har ranar ba su san gaskiya ba, kuma babu wanda za su tambaya.

Na zauna ina kuka, kukan gaske, amma a ƙarƙashinsa wata kunya ce take cina. Tsohuwar nan tana ta sa mini albarka saboda tafiyar da ban yi dominta ba. Na zo ne neman ma'anar kalma don 'yan mata su ji daɗi a wurin biki. Sau biyu na yi niyyar in ce mata, Goggo, wallahi ban ma sani ba. Duk lokacin da na ɗago sai in ga yadda take kallon surukarta, kallon wadda maganarta ta tabbata, sai in haɗiye. Wayar da na shirya ɗaukar murya da ita na tura ta can ƙasan jaka. Na ƙudurta a raina ba zan yi tambayar ba.

Ta sa aka dama mini fura. Ta ba ni haƙuri wai nonon ba irin wanda na saba ba ne. Ta tambayi Inna, ta tambayi ciwon ƙafarta, ta yi wa Kawu addu'a da sunansa, ta ce ranar da aka kashe shi ba a ɗora tukunya a rugarsu ba. Sannan ta bi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Da na ce babbar za ta yi aure sai fuskarta ta washe.

"Kai, masha Allah! 'Yar jaririyar nan? To za a ɗaura mata tinde dai ko?"

Ta faɗi kalmar sai ta yi dariya, dariya sosai, har tana dafa gwiwata. Surukarta ma ta murmusa.

"Me ya ba ki dariya, Goggo?"

"Ku ne mana. Har yau tinde kuke ce masa?"

Na ce ai sunansa ke nan.

"Ina! Ba sunansa ba ne." Ta ɗaga yatsa ta dangwali goshina. "Wannan ne tinde. Da Fillanci goshi ke nan. Goshi kawai."

Ta gyara zama ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ta sha ba ta. Lokacin Kaka da mahaifiyar Goggo suna 'yan mata, a bakin rafi suke haɗuwa, ɗaya ta zo wanki, ɗaya ta zo wanke ƙore. Wannan ba ta jin Fillanci, waccan Hausarta ba ta wuce ta cinikin nono ba, amma jininsu ya haɗu. Da aka sa ranar auren Kaka sai ƙawar tata ta kwance abin adonta, wanda ita ma a wurin uwarta ta gada, ta miƙa mata a nan bakin ruwa. Kaka ba ta taɓa ganin irinsa a kusa ba. Ta karɓa ta ɗaura a wuya. Ƙawar ta girgiza kai, ta nuna goshinta tana cewa tinde, tinde, wato a goshi ake sawa. Kaka ta ɗauka sunan abin ake gaya mata. Ta ruga gida tana cewa a zo a ga tinden da aka ba ta.

"To me ya sa ba a gyara mata ba?"

"Innata ta ce da ta koyi Hausa sosai ta so ta faɗa mata. Sai ta tarar duk garinku sun ɗauka. Ta ce a bar su, kada ƙawarta ta ji kunya. Mu dai idan muka dawo ruga daga bikinku sai mu yi ta dariya, mu ce yau ma Hausawa sun ɗaura wa amarya goshi a goshi."

Na yi dariya da hawaye a fuskata. Ta ce Kaka kuma ta rama da wani zane saƙi baƙi, mai sheƙin shuni, wanda ya daɗe a wurinsu har ranar da aka ƙone rugar. Daga nan ta faɗa mini ainihin sunan abin adon da Fillanci. Ta faɗa, ta maimaita, har ta sa na faɗa a bayanta, ta gyara mini. Amma hankalina ba ya wurin. Ina kallon sandar nan ta kusurwa ne. Kafin in kai filin ƙwallo a hanyar komawa kalmar ta fice mini, kuma har yau ban tuno ta ba.

Da zan tafi ta sa surukarta ta zaro wani faifai daga ƙarƙashin buhun kayansu, sabo fil, da ja da baƙin zane. Ita ta saƙa shi da idon nan nata da ba ya gani sosai. Ta ce in kai wa amarya ta rufe ƙwaryar mijinta. Na ce a'a, Goggo, ki bari ki sayar. Ta ɓata rai, ta ce yaushe na fara mayar mata da hannu. Na karɓa. Ta rako ni har bakin zanen ƙofa, ba ta fito waje ba.

"Ki ce wa Innarki na gode. Ki ce na san ƙafa ce ta hana ta."

Na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na ajiye faifan a gabanta. Ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

"Inna, kin san ya rasu?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba? Kika bar ni na shiga gidan mutuwa da tambayar kayan kwalliya a bakina?"

Ta ajiye rariyar. Ta daɗe tana kakkaɓe garin da ke hannunta.

"Da na faɗa miki, da kin yi abin da na yi. Ki ce sai an kwana biyu, sai hankali ya kwanta, sai kin ji me mutane za su ce." Ta dubi bakin ƙofa. "Na saka mayafi zan tafi ya fi a ƙirga. In na kai bakin ƙofa sai in ga matar Kawunki zaune da marayunta tana kallona. Me zan ce mata? Za ni gaisuwa wurin Fulani? In kuma na zauna sai in ga kamar uwata tana kallona. Yaron nan a hannuna aka yanke masa cibi."

Na so in yi fushi da ita, ban samu wurin tsayawa ba. Ita aƙalla ta saka mayafin.

"Ma'anar tinden fa," na ce, "kin sani?"

"Tun ina yarinya na sani. Wa bai sani ba a cikinmu manya?"

Na gaya mata saƙon Goggo, cewa ta san ƙafa ce. Inna ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Ban taɓa ganin ta yi kuka haka ba, ko a rasuwar Kawu.

Kafin in koma Kaduna ta ba ni atamfa turmi ɗaya da goron gayyata in kai wa Goggo. Na roƙe ta mu tafi tare, ta ce in bari sai bayan biki, za ta je da kanta ta wuni. Na kai. Goggo ta shafa atamfar ta yi ta addu'a, amma ta ce ba za ta iya zuwa ba. Ta ce irinsu idan suka shiga mota a hanyar nan, kowa sai ya tsargu, a kowane shinge kuma sai an sauke su. Ban musa mata ba, don na san gaskiya ta faɗa.

An yi biki lafiya. 'Yata ta fito da abin a goshinta, ƙawayenta suka yi ta ɗaukar hoto. Na ba ta labarin bakin rafi, ta ji daɗinsa ƙwarai, ta yi ta ba mutane suna dariya. Ragowar labarin sai daga baya na gaya mata, muna zaune mu biyu.

Bayan biki na raka Inna gida. Wannan karon ba ta ce a bari ba. Ta yi dambu tun da safe, ta zuba a kwano, muka hau babur ɗaya ni da ita, ta wuce matar Kawu a tsakar gida ta ce mata, "Za ni wurin 'yar'uwata." Matar Kawu ta matsar da kujera ta ba mu hanya.

Muka tarar an yi wa kangon rufin kwano, magina suna ta shafe. Mai wurin ya tashi ƙarasa gininsa. Wata mata mai tuyar awara a maƙwabta ta ce sun tashi tun kafin ruwan farko, da tsohuwar da surukar da yaran, a bayan wata motar itace. Ta ji kamar an ce wajen Neja suka nufa, wurin wasu danginsu, amma ba ta tabbatar ba. Ba su da waya.

Inna ta tsaya riƙe da kwanon dambu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Daga ƙarshe ta miƙa wa maginan, ta ce su ci su yi wa wani mamaci addu'a. Suka karɓa suka yi godiya, ba su tambayi ko wane ne ba.

Yanzu duk mai nonon da ta shigo layinsu sai Inna ta kira ta ciki, ta saya ko ba ta bukata, ta zaunar da ita ta yi mata kwatance: wata tsohuwa doguwa, mai tsaga a gefen baki, daga wajen Randagi, ɗanta ya rasu kafin azumi. Ni ma ina yin haka a Kaduna, a bakin kasuwa da tashar mota. Har yanzu ba mu samu wadda ta san ta ba.